Ƙarfen da Na Zaɓa wa Ƙanena

Ƙanena hannu gare shi. Ba don ciki ɗaya muka fito nake faɗa ba, duk wanda ya taɓa shiga kamiyonsa, babbar motar kayan nan, daga Gaya zuwa Dosso zai ba ka wannan shaida. Hanyar nan ta jar ƙasa, wadda in motoci suka tattake ta sai ta yi gargada kamar kwanon rufi, a kanta yake ɗaukar buhunan shinkafa da Fulani mata da ƙoren nononsu, ya sauke su ba wadda nononta ya zube. Ba shi da gona, ba shi da jirgi kamar danginmu na bakin kogi. Da hannuwan nan biyu yake ci da matarsa da 'ya'yansa biyu, da su kuma yake taimaka mini wajen riƙon Innarmu.

Ni makanisiyan ne, mai gyaran mota. Na koyi aiki a garejin ma'aikatar hanyoyi tun zamanin Faransawa, daga baya na kafa rumfata a bayan tasha. Tsakanina da shi akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya kafa ta da baki: ni nake ɗaurewa, shi yake tuƙawa. Sauran direbobi in ka gama musu aiki sai sun durƙusa sun leƙa, sun taɓa nan sun girgiza can, kamar masu sayen akuya. Shi bai taɓa yi ba, ko sau ɗaya. Sai ya ce, "In Yaya ya ɗaure, ya ɗauru," ya shiga ya tayar.

Da aka ba ƙasa 'yancin kai, wani Bafaranshe injiniyan hanya da na yi wa aiki ya tattara kayansa zai koma gida. Yana da wata jar mota 'yar ƙarama mai kujera biyu, cikinta har yana kusan shafar ƙasa, wadda ya ce ya yi tsere da ita a garuruwan bakin teku. Ya sa aka turo ta har bakin rumfata, ya ce in na iya tayar da ita, tawa ce. Kada ka ɗauka alheri ne ya yi masa yawa. Ɗaukarta a jirgin ruwa ne ya fi ƙarfin darajarta.

Injinta lafiya lau, in ka taka ta sai kajin unguwa su watse. Ciwonta ɗaya ne, amma babba. Bwat ɗinta ya mutu, wato akwatin ƙarfen nan da ke karɓar juyin volan, sitiyari ke nan, ya miƙa wa ƙafafun gaba. Haƙoran cikinsa sun cinye, sai ka murza volan kusan tafin hannu guda kafin ƙafa ta san ana magana da ita. Irinsa kuwa babu, ko a babban birni. Injiniyan da kansa ya ce mini kada in wahala, in cire shi in sa kiremayer. Kiremayer dogon ƙarfe ne mai haƙora a jere kamar zarto, yana kwance a gicciye tsakanin ƙafafun gaba, wani ɗan gare mai haƙora yana hawansa daga sandar volan. Ka murza kaɗan, ƙafa ta amsa nan take. Motar ta yi shekara biyu a rumfata a lulluɓe da tabarma, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Sai aka yi shela za a yi tseren motoci a bikin zagayowar ranar 'yanci. Daga bakin gada za a tashi, a bi hanyar Dosso a wuce mararrabar da ke kai mutum Tanda, a juyo. Masu shiga 'yan Nasaran da suka rage ne, da wani Kwara, baƙon ɗan kasuwa mai kanti, da wani babban ma'aikaci da zai sa direbansa. Ƙanena ya zo ya yaye tabarmar nan, ya tsaya yana kallon motar. Ni ma abin yana raina. Shekara nawa ina kwance ƙarƙashin motocin mutanen nan suna miƙo mini kile, wato sifana, da ƙafa? Na so a ce ga motar da ɗan Gaya ya haɗa, ɗan Gaya ya tuƙa, ta bar su a baya.

Inna ta ƙi. Ta yi mana faɗa da Dendanci, wanda in ta koma gare shi mun san abin ya kai mata wuya. Ta ce wa ƙanena, "Kai mai iyali ne. Hannunka ne gonarka, za ka kai gonarka caca?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai Yaya ne zai ɗaure." Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Na yanki karan dawa daidai tazarar da ke tsakanin ƙafafun motar, na riƙe shi na tafi neman kiremayer. Na fara tsallaka gada zuwa Malanbil, lokacin ana ce wa ƙasar Dahome. Akwai wani dattijo can mai sayar da ƙarafan matattun motoci a gindin mangwaro. Ya tona tarin kayansa ya jawo mini wani, duk tsatsa, robar gefe ɗaya ta yage. Na aza karana a kai, ya yi cif, kamar tare aka yanke su. Na murza garen da hannu, haƙoran ba wanda ya karye. Kuma garen yana hagu, inda volan ɗin motata yake, don ƙasarsu da tamu hannu ɗaya muke tuƙi.

Dattijon ya ce, "Ɗana, ɗauki wannan. Wanke shi da kananzir, ka sa masa man shafawa, zai binne ni ya binne ka."

Ni kuwa na yatsine fuska. Motar tsere, ja wur, Nasara za su leƙa cikinta, in sa mata abin da aka tono daga juji? Na ce masa zan dawo. Ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani," na yi kamar ban ji ba.

Ranar kasuwa na tafi Kamba, cikin Najeriya. A wani shago na tarar da shi, sabo ful, naɗe cikin takarda mai maiƙo, yana ƙyalli kamar ba a yi shi don ƙura ba. Na aza kara, ya ɗan gaza da yatsa biyu, na ce wannan ba komai. Garen kuwa yana dama. To, a nan ne nake so in mari kaina. Ni da aka haifa a kan iyaka, ni da kullum nake ganin motocin Najeriya suna shigowa direba yana zaune a dama, don a lokacin su hannun Ingilishi suke bi. Ba mantawa na yi ba, wallahi na gani. Cewa na yi a raina, ai ƙarfe ne, in na kifa shi garen ya dawo hagu, shi ke nan. Kyan ɗan maciji ya ɗebe ni. Na rungumo shi kamar jariri, a duwan ma, wurin 'yan kwastan, sai da na buɗe na nuna musu don su yaba.

Kwana huɗu ina aiki. Na cire mataccen bwat, na ƙera masa mazauni, na kifa sabon ƙarfen na ɗaure. Ranar da zan gwada, ban san wanda ya watsa labari ba, rabin tasha ta taru a bakin rumfata: direbobi, 'yan dako, masu tallan kifi. Gaban motar yana ɗage a kan kututture. Ƙanena ya shiga ya kama volan. Na ce, "Murza hagu." Ya murza hagu. Ƙafafun suka juya dama.

Nan take wuri ya fashe da dariya. Wani direba har da faɗuwa a kan buhu. Wata mai kifi ta ce, "Motar ta ɗauko halin mai ita, in an ce gabas sai ta ce yamma!" Wani ya ce in ana so ta je Dosso sai a nufi Dahome. Na tsaya da kile a hannu. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da mutane suka watse, ƙanena ya zo ya tsuguna kusa da ni. A hankali ya ce, "Yaya, ba wani abu ba ne. Mu tsallaka gada mu ɗauko na dattijon nan. Tafiyar awa ɗaya ce."

Da na ji, da jiki ya tsira. Amma na hango fuskar dattijon yana murmushi, na hango 'yan tasha suna kallona ina shigowa da tsatsa a kafaɗa. Na daka masa tsawa. Na ce tun yaushe direba ya fara koya wa makanisiyan aiki? Na ce in tsoro yake ji ya faɗa, in nemi wani. Kai, na faɗi maganganu. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Yadda ka gani."

Na samo dabara, kuma dabarar ba ta wauta ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta yaudare ni. A jikin kowace ƙafar gaba akwai wani ɗan gajeren hannu na ƙarfe, shi kiremayer yake turawa ƙafar ta juya. Hannuwan suna kallon baya. Na lissafa cewa in na mayar da kiremayer gaban ƙafafun, na musanya hannuwan nan biyu suka kalli gaba, juyin zai daidaita. Na yi haka, ya daidaita. Sai dai hannuwan suna gogar gangar birki, dole a ɗan lanƙwasa su.

Na kai su wurin maƙerin unguwarmu, sa'an mahaifinmu, wanda yake ƙera wa manoma fartanya, yake ƙera wa Sarkawa masun kamun manyan kifaye. Na nuna masa iyakar lanƙwasar da nake so. Ya sa a wuta har suka yi ja, ya buga, ya lanƙwasa daidai, hannunsa ba ya kuskure. Sannan ya ɗauki na farko da awartaki ya tsoma cikin kaskon ruwa. Cuuu!

Haka ake yi wa fartanya da mashi, don bakinsu ya yi tauri. Shi aikinsa ya yi yadda ya gada. Amma ni na sani, a gareji an koya mini, ƙarfen da zai sha girgiza ba a tsoma shi a ruwa. Binne shi ake yi cikin toka ya huce da kansa, in ba haka ba ya yi tauri irin na kwalba, ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle. Ina tsaye a wurin. Na buɗe baki na rufe. Na ce a raina, yaya zan gyara wa sa'an ubana aiki a maƙerarsa? Na ce saura kwana uku, kuma ba wasu hannuwan a duk faɗin ƙasar nan. Ina cikin wannan ya tsoma na biyu. Na ce, "Sannu da aiki, Baba," na karɓa. Da na koma rumfa na shafa musu baƙin fenti.

Jajiberin biki ƙanena ya fita da ita gwaji. Ya dawo fuskarsa duk jar ƙasa, haƙora a waje. Ya ce bai taɓa riƙe abu mai jin magana irin wannan ba. Sai kuma ya ce, "Amma Yaya, a kan gargada tana ɗan fizga."

Na ce, "Hannunka ne ya saba da kamiyo. Wannan ba jakar dawa ba ce."

Ya ce, "To, in ka ce." Bai durƙusa ya leƙa ba. Ina ma ya leƙa, ko da yake fenti ya rufe komai.

Ranar tseren an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Ban tsaya a bakin gada wurin manya ba. Na tafi wata kwana a bayan gari inda giginyu suka yi layi, don daga nan ana hango hanya da nisa. A tafiya shi ne na biyu. Da suka juyo, sai na hango ja a gaba, sauran can baya kamar ba tare suka tashi ba. Mutanen da ke wurin suka ɗauki ihu, wani Bazabarme da ban sani ba ya rungume ni. Ni ma ina tsalle, ni da girmana.

Kafin kwanar akwai gargada mai tsawo. Na ji ya rage wuta daidai inda ya kamata, kunnena ba ya ƙarya a kan inji. Sai na ga ƙafar hagu ta karkace ita kaɗai, ɗayar tana kallon gaba. Motar ta bar hanya kamar an fizge ta da igiya, ta daki gindin giginya, ta wuntsila ta kife.

Muka ruga. Yana ƙarƙashi, idonsa biyu, hannunsa na dama motar ta danne. Maza suka kama suka ɗaga, aka jawo shi. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: lokacin da suke ɗora shi a ƙyauren da aka ciro daga wata bukka, ni ba na kansa. Ina cikin ciyawa ina lalube. Na same shi, guntun hannun ƙarfen nan, ya ɓalle daidai wurin lanƙwasar. Bakin karayar fari tas, tsaki-tsaki kamar gishiri. Na jefa shi aljihu, sannan na bi su ina salati.

Daga dispanser, ƙaramin asibitin Gaya, aka wuce da shi Dosso, a kan hanyar da ya fi kowa sani, kwance a bayan kamiyon wani. Can aka yanke hannun, sama da gwiwa. Na hagun ma yatsu biyu suka sandare, ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Jandarma ya zo gadon asibiti da takardarsa, ina tsaye a gefe. Ya tambaye shi abin da ya faru. Guntun ƙarfen yana aljihuna yana ƙona mini cinya. Ƙanena bai dubi inda nake ba. Ya ce, "Gudu na yi da yawa. Na shiga kwana ban rage ba." Jandarma ya rubuta, ya tafi.

Maganar ta zauna haka. Gari ya ɗauka, ya ƙara mata gishiri. Aka ce daɗi ne ya ɗebe shi da ya ga ya wuce Nasara. Aka ce dama direban kamiyo ina shi ina motar tsere. Mutumin da bai taɓa zubar da nonon kowa ba ya zama abin misali, in sabon direba yana rawar kai sai a ce masa ya je ya ga wane. Ni kuwa aka dinga yi mini jaje, wai an lalata mini aikina mai kyau. Har ƙaruwa masu kawo mini mota suka yi, tunda kowa ya ga yadda jar motar nan ta yi gudu. Tir da wannan kasuwa.

Na riƙe gida biyu, ban gaza ba, kuma kada wanda ya yaba mini. Shi ya koma tasha yana kiran fasinja, hannun riga ɗaya a soke cikin aljihu. In kamiyo ya shigo ana ja da baya ba daidai ba, sai in ga kafaɗarsa ta dama tana motsi ita kaɗai. Inna ba ta daina ba har ta koma ga Allah. Ko tuwo take zuba masa sai ta ce, "Na hana ka, ka ƙi ji. Ga yayanka ya yi aikinsa, kai ka ɓata." Yakan ce, "Haka ne, Inna." Ina zaune a tabarma ɗaya da su, ina kai loma.

Sau nawa na yi niyya? Na je har ƙofar ɗakinta na dawo. Na ce bari ta warke daga zazzaɓi, na ce bari a gama girbi, na ce bari azumi ya wuce. Ranar da muka kai ta makwanci, na san na makara, ta tafi da sunan ɗanta a ɓace.

Bayan rasuwarta da 'yan watanni, wata la'asar, na same shi a bakin kogi ƙasa da gada, yana kallon masu jirage suna sauke albasa. Na zauna kusa da shi. Na ciro guntun ƙarfen, wanda ya riga ya yi tsatsa a wurin da yake fari, na ajiye a tsakaninmu. Na ce, "Ba gudu ka yi da yawa ba."

Ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce, "Na sani, Yaya. Tun kafin ta bar hanya volan ya zama kamar faifai a hannuna."

Na ce, "To don me? Don me ka bari ana zaginka shekara da shekaru?"

Ya ce, "In an ce kai ne, wa zai ƙara kawo maka mota? Ni ba hannu, kai ba aiki, yara su ci me? Mayar da abinka aljihu."

Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗauki ƙarfen nan da hannun da ya rage masa ya fasa mini goshi, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Masu albasa suna ta hayaniyarsu da Dendanci. Can ya juyo ya ce, "Abu ɗaya kawai nake so in sani. Na dattijon Malanbil ɗin nan, da gaske ya yi daidai da karan?"

Na ce, "Cif."

Ya gyaɗa kai. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, don tashi daga ƙasa yana ba shi wuya, ya ce magariba ta kusa.

Ya riga ni tafiya, shi da yake ƙarami. Ranar zaman makoki rumfa ta cika da tsofaffin direbobi. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya faɗi kan buhu don dariya a wancan lokaci, yanzu da sanda yake tafiya, ya kama hannuna da hannu biyu. 'Ya'yan marigayin suna zaune a gefena, sun zama magidanta, suna ji. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Gwani ne, ba a yi direba irinsa ba a garin nan. Gaggawa ce kawai ta cuce shi."

Ƙarfen yana aljihuna. Yaran suka dube ni, suna jira in amsa, tunda ni ne babba.

Na ce, "Amin."